Sukari Mai Ƙamshin Sabulu

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. In ta ga takalma a warwatse a ƙofar ɗaki, sai ta tsaya ta jera su. In ta ga littattafai a kan tebur, sai ta tsara su, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Ko cokulan gidansu ba su tsira ba, sai ta juya kawunansu gefe guda. Shi ya sa kakarta ta laƙaba mata suna Kwalisa, sunan kuma ya bi ta har makaranta.

Hali ne mai kyau, ba wanda ya musa. Sai dai Kwalisa tana da wani ɗan ciwo a ɓoye. Ba ta son tambaya. A ganinta, duk wanda ya yi tambaya ya tona wa kansa asiri cewa bai sani ba. Ita kuwa ta fi son a ce ta sani.

Mamanta tana da ɗan shago a jikin gidansu. Da can ba shago ba ne. Tebur ne kawai a bakin ƙofa, da ashana da gishiri da 'yar robar alewa. Sai Mama ta shiga wata ƙungiya ta mata masu ƙananan sana'o'i. Su biyar ne, har da mai ɗinki da mai kitso. Wani asusu mai ba da ƙaramin rance ya ba kowaccensu ɗan jari, a kan za su riƙa biya kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata.

Akwai sharaɗi guda. In mace ɗaya ta kasa biya a kan lokaci, za a dakatar da rance na gaba, ba nata kaɗai ba, na dukansu.

Da rancen farko aka gyara ɗakin da ke kallon titi. Baba kafinta ne, shi ya buga kanta da hannunsa. Mama ta saro shinkafa da taliya da mai da madara da sabulu. Tebur ya zama shago, har da labule.

Yanzu saura biya ɗaya a gama. In Mama ta biya shi a kan lokaci, za a ba ta rance na biyu wanda ya fi na farko kauri. Ta riga ta san abin da za ta saya. Firji! Duk layinsu babu mai sayar da abu mai sanyi. Mai son ruwan sanyi sai ya tsallaka babban titi. Kullum in suka wuce kantin da ake sayar da firji, sai Mama ta rage sauri tana kallonsa ta gilashi.

Abu ɗaya ne yake ɓata wa Kwalisa rai a shagon. Wani tsohon kwali ne da ke can bayan ƙofa, a ƙasa. A cikinsa Mama take ajiye sabulun wanka da garin sabulun wanki.

"Mama, kwalin nan ya ɓata mana shago," in ji Kwalisa. "Ga wuri a kanta. Bari in jera su kusa da sukari."

"A'a," in ji Mama, tana miƙa wa wani yaro canji. "Sabulu can, abinci nan. Kada ki haɗa su."

Kwalisa ta ce, "To." Amma a ranta ta ce, manya ke nan, ba su damu da abu ya yi kyau ba. Kalma ɗaya ta rage ta faɗa, wato "Me ya sa?" Ta haɗiye ta.

Ana cikin haka Mama ta dawo daga sari da buhun sukari guda, cikakke. Ba ta taɓa sayen buhu sukutum ba. Sai da Baba da mai kurar da ya kawo shi suka kama kafin ya shiga shago.

Mama ta dafa buhun tana murmushi. "Kun ga wannan? Shi ne biyanmu na ƙarshe. Mai shayin bakin layi ya ce daga yau a wurina zai riƙa saye. In buhun nan ya ƙare lafiya, firji ya shigo."

"Ni zan fara shan ruwan!" in ji Cinnaka, ƙanin Kwalisa. Ɗan ƙarami ne, amma ba ya zama wuri ɗaya.

Ba a daɗe ba aka bugo waya cewa ƙanwar Mama ba ta da lafiya a wani gari. Dole Mama ta tafi jinya na 'yan kwanaki. Ta bar wa Kaka shago, Kwalisa kuma ta riƙa taimaka mata in ta taso daga makaranta.

"Ku kula da kyau," in ji Mama a bakin mota. "In na dawo, jami'ar asusu za ta zo duba shagon kafin su amince da rance na biyu."

Wannan magana ce ta hana Kwalisa sukuni. Jami'a za ta zo, ta tarar da tsohon kwali a bayan ƙofa? Ina! Ai sai ta ɗauka ba su san abin da suke yi ba.

Ranar da babu makaranta, Kwalisa ta ɗaura ɗankwali ta shiga aiki. Kaka tana zaune a kujera da ƙyalle a hannu. Mura ce ta kama ta, hancinta ya toshe gam.

"Ke ƙawata, me kike ta ƙwaƙule-ƙwaƙule?" in ji Kaka.

"Gyara nake yi, tsohuwa. Ke dai ki yi ta atishawarki."

"Ja'ira! Ni ce tsohuwa? Bari angona ya zo ki ji." Angon nata shi ne Cinnaka. Kaka ta yi dariya, ta yi atishawa, ta ci gaba da gyangyaɗi.

Kwalisa ta sauke kaya duka. Ta yi shawarar ta jera su launi-launi. Ja da ja: gwangwanin tumatir da ashana. Rawaya da rawaya: mai da taliya. Sai ta zo kan fari. Gishiri fari ne. Sukari fari ne. Sabulun wanka ma fari ne, garin sabulu kuma a farar leda yake.

"Fari da fari," in ji ta, tana jin daɗin kanta.

Ta jawo buhun sukari da ƙyar zuwa tsakiya. Ta naɗe bakinsa ya buɗe sosai don a riƙa ganin farinsa. Ta gina sabulai kewaye da shi kamar katanga. Ledojin garin sabulu kuwa ta jera su a allon da ke saman buhun daidai. Ba ta lura ɗaya daga cikinsu ta ɗan huje a gindi ba. Tsohon kwalin nan ta wurga shi bayan gida.

Gaskiya shagon ya yi kyau. Har masu wucewa suna leƙowa. Da aka rufe shi ya kwana, aka buɗe da safe, sai wani ƙamshi ya bugi Kwalisa. Ta lumshe ido ta ce, "Kai, har ƙamshi shagonmu yake yi!" Kaka ba ta ji komai ba, hanci a toshe.

Suka yi ta ciniki. Duk wanda ya zo sayen sukari, Kwalisa ta zura gwangwani cikin buhu, ta juya, ta auna masa. Mai shayi ya aiko yaronsa ya sayi mai yawa.

Kwana biyu da yin haka, da yamma, sai ga mai shayi da kansa. Mutum ne mai fara'a, amma ranar fuskarsa a murtuke take. Kofi ne a hannunsa.

"Ina Maman Kwalisa?"

"Ta yi tafiya, Baba mai shayi. Ina wuni?"

"Da ban wuni ba kya gan ni? Ungo, kurɓi wannan."

Kwalisa ta kurɓa. Nan take ta tofar. Shayi ne, amma ɗanɗanonsa na ruwan wanki.

"Kin ji ko?" in ji mai shayi. "Tun jiya masu saye suke mini tsiya. Wani ya ce, 'Malam, shayin ne ya yi wanka, ko cikinmu kake son wankewa?' Wani ya ce in ƙara masa soso. Na wanke tukunya, na canza ruwa, na canza ganye. Ashe sukarinku ne!"

Ya leƙa cikin shagon. Ya ga katangar sabulu. Ya ga farin gari yana zubowa kaɗan-kaɗan daga allon sama zuwa cikin buhu. Ya riƙe baki.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Kwalisa ta sunkuyar da kai. "Ni ce."

"To, sannu da ƙoƙari. Garin gyaran gira kin tsokane ido. Ni dai na koma inda na saba saye." Ya ɗauki kofinsa ya tafi.

Bai kai bakin layi ba sai ga wata maƙwabciya da ƙullin sukari a hannu. Bayanta ga wata. Kwalisa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Washegari Mama ta dawo. Tun daga bakin ƙofa ta ja hanci, ta tsaya cak. Ta ajiye jaka. Ta zura hannu can ƙasan buhu, ta ɗebo, ta shinshina, ta ɗanɗana. Sannan ta zauna a kan benci.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji Kwalisa, hawaye na zuba. "So na yi jami'a ta ga shagon ya yi kyau."

"Me na ce miki game da sabulu?"

"Kin ce kada in haɗa shi da abinci."

"To, me ya sa kika haɗa?"

"Na ɗauka... na ɗauka don ba ki damu da kwalliya ba ne."

Mama ta yi ajiyar zuciya. "Ni ma da laifina, ban tsaya na faɗa miki dalili ba. Amma ke ma da kin tambaya."

Kaka ta fyace hanci ta ce, "Ni ma da wannan hancin bai ci amanata ba, da abin bai kai haka ba."

Kwalisa ta share ido. Wata dabara ta faɗo mata. "Mama, mu sayo mai kyau mu gauraya. Ba wanda zai gane."

Mama ta dube ta sosai. "Garin sabulu ya shiga ciki. Kina so yaran mutane su sha? Ko da ba wanda zai gane, mu ai mun sani. Wannan buhun ya tashi daga abinci. Zubar da shi za a yi."

Haka aka yi. Baba ya ɗauke buhun ya fita da shi, Kwalisa tana kallo tana kuka. Sannan Mama ta buɗe gwangwanin da take tara kuɗin biya. Ta ɗebi mai yawa ta sayo sabon sukari, ta ce duk wanda ya sayi mai ƙamshi sai an musanya masa kyauta.

Da yamma matan ƙungiya suka zo jaje. Kwalisa tana tsakar gida tana wanke-wanke, tana jin su.

"Yanzu ya za a yi da biyan ƙarshen wata?" in ji mai kitso. "Ni fa na riga na yi cinikin na'urar busar da gashi. Da rance na biyu na dogara."

"Ni ma keken ɗinkina ya tsufa," in ji mai ɗinki. "Amma kada mu ɗaga mata hankali. Wata bai ƙare ba tukuna."

"Zan yi iya ƙoƙarina," in ji Mama a hankali. "Ba zan so a ce ta dalilina kuka rasa ba."

Sai a lokacin Kwalisa ta gane girman ɓarnar. Ba firjin Mama kaɗai ta taɓa ba. Ta taɓa na'urar mai kitso, ta taɓa keken mai ɗinki.

A makaranta ta kasa sakin jiki. Malamar kimiyya ta gama darasi ta ce, kamar kullum, "Akwai mai tambaya?"

Hannun Kwalisa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Amma ta ɗaga shi. 'Yan aji suka juyo suna kallo, don ba su taɓa gani ba.

"Malama, me ya sa sukari yake ɗaukar ƙamshin sabulu, ko da ba su taɓa juna ba?"

Malama ta yi murmushi. "Tambaya mai kyau! Ƙamshi yana tafiya a cikin iska, ko da ba ma ganinsa. Wasu abubuwa kuma suna shan sa kamar yadda soso yake shan ruwa. Sukari yana sha. Fulawa tana sha. Garin madara da ganyen shayi ma haka. In suka sha, ba sa saki. Shi ya sa masu shago suke raba sabulu da kananzir da turare daga kayan abinci."

Wani yaro a baya ya ce, "Ashe! Ni ma ban sani ba."

"Kun gani?" in ji Malama. "Ita ɗaya ta tambaya, ku duka kuka ƙaru. Matambayi ba ya ɓata."

Kwalisa ta zauna. Ba wanda ya yi mata dariya. Abin da ta daɗe tana tsoro ashe ba komai ba ne.

Da ta koma gida ta ce, "Mama, ni na auna musu mai ƙamshin. Ki bari ni in kai musu mai kyau har gida, in ba su haƙuri da bakina."

Mama ta dubi Baba. Baba ya ajiye zarto ya ce, "Na yarda, amma da sharaɗi. Sai kin gama aikin makaranta. Layinmu kawai, gidajen da muka sani. Ki tafi da ƙaninki, ku dawo kafin rana ta faɗi."

Suka ɗauki kwando suka fita. Gida na farko na wata tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, a saman bene take. Kwalisa ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi abin da ta yi, ta miƙa sukari.

"Allah sarki," in ji tsohuwar. "Ni da na ɗauka bakina ne ya lalace! Allah ya yi miki albarka."

Kwalisa ta juya za ta tafi, sai ta tuna da Malama. Ta tsaya.

"Iya, in yi tambaya? Me ya sa ba kya yawan saye a wurinmu?"

"'Yar nan, da wace ƙafar? Saukowa daga benen nan aiki ne. Sai na samu wanda zan aika, shi kuma duk inda ya ga dama yake zuwa."

"In na riƙa kawo miki fa?"

"Da kin gama mini komai! Yanzu ma ba ni da ashana da mai."

Cinnaka ya ruga a guje ya kawo. Tsohuwa ta biya, har da alewa ta saya masa.

Gida na gaba na mai 'yan biyu ne. Kwalisa ta ba ta haƙuri, sannan ta yi mata irin tambayar.

"Ki dube ni," in ji matar, ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa. "In na fita da su, kafin in dawo girki ya ƙone."

Wani tela ya ce shi ba ya iya barin keke. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce ita in ta taso a gajiye take. Wata kuma ta ce, "Madararku babbar leda ce kawai. Ni ƙaramin ƙulli nake iya saye." Kwalisa ta kawo wa Mama wannan magana da zafinta. A ranar suka zauna suka ƙulla madara da ganyen shayi ƙanana-ƙanana. Kafin a rufe shago sun ƙare.

Mama ta riƙe haɓa. "Shekara nawa muna layin nan, ban taɓa sanin haka ba."

"Ba ki tambaya ba ne, Mama," in ji Cinnaka.

Kowa ya fashe da dariya, har da Kaka da murarta ta fara sauƙi.

Daga nan kullum da yamma kwando yana fita cike, yana dawowa wayam. Labari ya bazu cewa shagon Maman Kwalisa ya zubar da buhu guda don kada ya cuci mutane. Waɗanda ba su taɓa leƙowa ba suka fara zuwa. Gwangwanin Mama ya soma nauyi. Amma ƙarshen wata yana matsowa, kuma har yanzu da saura.

"Da mai shayi zai dawo, da mun cike," in ji Mama.

Wurinsa ne kaɗai Kwalisa ba ta je ba, don tana jin tsoronsa. Ranar ta yi ta maza. Ta auna sukari daidai wanda ya saya a da, ta ɗauka ta tafi. Yana tsaye yana fifita wuta, mutane zaune a bencinsa.

"Baba mai shayi, ina wuni? Na zo ba ka haƙuri. Ni na ɓata maka shayi, na sa aka yi maka dariya. Ga naka, Mama ta ce ba sai ka biya ba."

Mai shayi ya karɓa. Ya buɗe ledar, ya kai hanci, ya shinshina ta dama, ya shinshina ta hagu. Ya ɗanɗana. Ya ɗaga kai sama kamar alƙali.

"Wannan dai bai yi wanka ba," in ji shi.

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Shi ma ya kasa riƙe tasa.

"Yarinya, manya da yawa ba sa iya abin da kika yi yau. Inda na koma ma awonsu ba ya cika. Ki ce wa mamanki ta auna mini na mako guda, da madara da ganyen shayi. Ga kuɗin, ki riƙe da kyau."

Kwalisa ba ta san lokacin da ta iso gida ba.

Ranar biya Mama ta yi shiri ta tafi ofishin asusu tare da matan ƙungiya. Kwalisa ta dawo daga makaranta ta kasa cin abinci. Tana leƙa titi, tana komawa. Can sai ga Mama tafe, fuska ba yabo ba fallasa. Ta shigo, ta cire takalmi, ta nemi ruwa ta sha a hankali.

"Mama!" in ji Kwalisa. "Don Allah ki faɗa!"

Mama ta ajiye kofi. Sai murmushi ya ƙwace mata. "Mun biya. Mu duka biyar, ba wadda ta makara!"

Kwalisa ta daka tsalle. Cinnaka ya hau benci yana rawa, Kaka tana tafa masa.

Jami'ar asusu ta zo duba shago bayan kwana kaɗan. Kafin zuwanta Baba ya buga wata 'yar kanta a ɗaya bangon, can kusa da taga, ta sabulu kaɗai. Kwalisa ce ta jera komai. Amma a wannan karon kafin ta ajiye abu sai ta ce, "Mama, wannan zai zauna kusa da wancan?"

Jami'a ta zagaya, ta duba sama, ta duba ƙasa. "Na shiga shaguna da yawa," in ji ta. "Ban ga mai tsari kamar wannan ba. An amince da rancenku."

Ranar da aka kawo firji, layin ya cika. Yara suna bin motar a guje. Mai kitso ta zo, mai ɗinki ta zo, kowacce tana ba da labarin abin da ta sayo. Mutum biyu suka sauke shi, fari sol, ya fi Baba tsayi. Suka tsayar da shi a kusurwa.

Cinnaka ya riga ya cafke wayar zai soka a bango.

"Kai, tsaya!" in ji mai kawo firjin. "Kada a kunna yanzu. Sai an jima da yawa."

Ya juya zai fita. Yara suka fara gunaguni. Wani maƙwabci ya ce, "Ƙyale shi, sabo ne fil. Ku kunna abinku."

Kwalisa ta bi mutumin da sauri. "Kawu, don Allah me ya sa ba za a kunna ba?"

Mutumin ya tsaya ya dube ta. "Madalla da ke. A kwance muka ɗauko shi a mota. Akwai mai a cikin injinsa, ya gangara inda bai kamata ba. Sai ya tsaya a tsaye man ya koma wurinsa. In kuka kunna yanzu, injin zai iya lalacewa. Kuma ku ɗan janye shi daga bango, bayansa yana son iska."

Kwalisa ta dawo ta karɓe wayar daga hannun Cinnaka, ta bayyana wa kowa. Maƙwabcin nan ya sosa ƙeya. Mama ta jawo ta ta rungume.

"Yau kin ceci firji," in ji ta.

Suka haƙura har washegari. Da safe Mama ta ce Kwalisa ce za ta kunna. Ta danna. Firji ya yi wata 'yar ƙara mai daɗi, fitilar cikinsa ta kama. Da ta taso daga makaranta ta tarar da layi a ƙofar shago har bakin titi, Mama da Kaka suna ta miƙa ruwa mai sanyi, Baba ya bar katako ya zo yana ba da canji.

Mama ta hango ta. Ta buɗe firji, ta zaro kwalba ɗaya mai raɓa a jiki, ta ɗaga ta sama.

"Ku yi haƙuri, jama'a," in ji ta. "Wannan ba ta sayarwa ba ce. Ta 'yata ce."

Kwalisa ta karɓa da hannu biyu. Sanyin ya ratsa tafinta. Ta sha, ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba.

Yara, ga darasin. In babba ya hana ku abu, kada ku yi gaban kanku. In ba ku gane dalili ba, ku tambaya cikin ladabi, tambaya ba abin kunya ba ce. In kuma kun yi kuskure, ku amsa laifinku, ku tashi ku gyara.